Tambayi Likita: allurar cinya da abin da ake yi wa wanda abinci ya tayar wa da ciwo a asibiti

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan magana ɗaya, wato halin da mutum ke shiga idan jikinsa bai jitu da wani abinci ba, abin da muke ji ana kira hasasiyya a nan Saudiyya. Na haɗa su wuri guda saboda abu ne da nake gani a sashen gaggawa inda nake aiki a Jidda, kuma sau da yawa abin da ke raba wanda ya koma gida da ƙafarsa da wanda aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman bai wuce abin da aka yi a mintuna goma na farko ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar Shara Mansur ce a Makka, a nan aka haife ni. Ina da yaro ɗan shekara 9. Tun yana ƙarami idan aka ba shi kunun gyaɗa sai ya ce bakinsa yana ƙaiƙayi ya ture kofin, mu kuwa muka ɗauka tsirfar yara ce. A watan jiya mun je walimar aure bayan sallar isha'i, ya ci siriyya, tsiren nan namu da ake turbuɗawa a garin ƙuli, tsinke biyu kacal. Ba a yi minti goma ba leɓɓansa suka kumbura, borin jini ya feso masa a wuya da ciki, ya yi amai, muryarsa ta dishe. Uwar mijina ta ɗura masa manja da madara, wata maƙwabciya kuma ta ba shi Piriton. Sai da muka ji yana jan numfashi da ƙara kamar usur sannan babansa ya sa shi a mota. Da muka isa ƙofar asibiti ya sauko yana takawa, bai yi taku biyar ba ya yanke jiki ya faɗi. Nan take suka kwashe shi, suka soka masa allura a cinya ta cikin wandonsa, bayan minti biyar suka ƙara wata, suka sa masa oksijin da ƙarin ruwa. Cikin rabin sa'a ya dawo hayyacinsa har yana neman wayar babansa, amma suka ƙi sallamar mu sai washegari, suka kuma ɗebi jininsa har sau biyu. Babansa ya ji haushi ƙwarai, yana ganin an riƙe mu ne a banza. Da za mu tafi an rubuta mana allura mai kama da alƙalami guda biyu, aka ce kada ya rabu da su. Uwar mijina ta ce hannu aka sa masa a abinci, kuma ta ji an ce allurar tana taɓa zuciya. Likita, mene ne ya same shi, me ya sa aka riƙe mu, kuma shin zan iya yi masa allurar nan da hannuna? Daga wata uwa, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara wa yaro lafiya, Ya raya miki shi. Abin da ya same shi likitoci suna kiransa anafilaksis, a Larabcin asibiti kuma za ki ji an ce sadma tahassusiyya. Sunan ya samo asali ne daga wasu masu bincike biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, waɗanda suka bayyana yanayin a 1902, har Richet ya samu kyautar Nobel a kansa a 1913. Garkuwar jikin ɗanki ta ɗauki furotin ɗin da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa wani makami da ake kira IgE, wanda ke manne a jikin wasu ƙwayoyi da ke cikin fata da hanji da hanyoyin numfashi. Da zarar gyaɗa ta sake shiga, sai ƙwayoyin nan su zubo da histamin da wasu sinadarai a lokaci guda. Daga nan maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska na huhu su tsuke, jijiyoyin jini su saki har ruwan da ke cikinsu ya tsiyaye zuwa cikin tsoka. A mai tsanani, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan jini yana iya ficewa daga jijiyoyi cikin minti goma. Ƙaiƙayin bakin da yake yi tun yana ƙarami shi ne gargaɗin farko, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma yaron da ke ture abinci iri ɗaya a kullum yana cewa yana cizon harshensa ya cancanci a saurare shi. A gaya wa kakarsa cikin ladabi cewa babu wanda ya sa masa hannu: garin ƙulin da kowa ya ci a wajen walimar shi ne ya ci, jikinsa ne ya bambanta da na sauran.

Na san manja da madarar da aka ɗura masa don ƙauna aka yi, haka aka gada a gidajenmu idan ana zaton mutum ya ci guba. Sai dai ba sa tsayar da komai a wannan ciwo, kuma ɗura wa yaron da maƙogwaronsa ke kumbura wani abu ta baki yana iya sa ya sarƙe, man ya gangara huhunsa, a ƙara wata matsala a kan wadda ake ciki. Piriton kuwa yana rage ƙaiƙayi da borin jini ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi, kuma kafin ya fara aiki a ciki an kwashe fiye da rabin sa'a. Babbar illarsa a nan ita ce yana sa mutanen gida su zauna jiran ganin sauƙi. Wani likita a Ingila, Richard Pumphrey, ya bi bayanan waɗanda suka rasu ta wannan hanya ya wallafa a shekarar 2000, ya gano cewa a waɗanda abinci ne sanadi, matsakaicin lokacin da ke tsakanin cin abincin da tsayawar numfashi ko zuciya minti 30 ne. Ki auna wannan da cunkoson motocin Makka bayan isha'i, za ki ga irin ƙaramar tazarar da kuka tsallake.

Faɗuwar da ya yi a ƙofar asibiti tana da dalili, kuma ina so kowane mai karatu ya riƙe shi. Idan jijiyoyi sun saki, jinin da ke komawa zuciya ya ragu sosai, to miƙewa tsaye ko takawa yana sa ɗan abin da ya rage ya taru a ƙafafu, zuciya ta buga babu abin da za ta tura. An samu mutanen da suka rasu cikin daƙiƙu bayan an tayar da su zaune ko tsaye. Saboda haka wanda ke cikin wannan hali a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa a kan matashi ko kujera. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya jingina a zaune da ƙafafu a miƙe, mai juna biyu kuma ta kwanta a gefen hagu. Ko ya ce ya ji sauƙi kada a bar shi ya tashi, idan kuma an kai shi da motar gida a nemi gadon turawa ko a ɗauke shi cak. Abin da ya fi shi ne a kira motar Hilal Ahmar ta lamba 997, ko 911 a yankunan da take aiki kamar Makka da Riyad, domin ma'aikatansu suna iya fara magani tun a hanya.

Allurar da aka yi masa a cinya adiranalin ce, kuma ita kaɗai ce maganin da ke juya wannan ciwo baya ta kowace fuska a lokaci guda: tana matse jijiyoyin da suka saki, tana buɗe hanyoyin iska, tana rage kumburin maƙogwaro, tana ƙarfafa bugun zuciya, sannan tana hana ƙwayoyin nan ci gaba da zubo da sinadarai. An zaɓi gefen cinya na waje ne saboda tsokar wurin babba ce mai yawan jini, magani yana shiga jiki daga can da sauri fiye da ta dantse ko ta ƙarƙashin fata. Babba ana ba shi miligiram 0.5, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kamar ɗanki miligiram 0.3, ƙanana kuma miligiram 0.15, kuma idan babu canji bayan minti biyar ana maimaitawa, kamar yadda kika ga sun yi. Oksijin da ƙarin ruwa suna biyo baya ne don cike abin da ya tsiyaye. Idan ƙirji yana shaƙar usur ana ƙara masa hayaƙin Ventolin, amma wannan taimako ne, ba ya maye gurbin allurar. Idan aka yi allura biyu babu sauƙi, sai a koma ba da adiranalin a hankali ta jijiya da na'ura mai awo, a kira likitocin kulawa ta musamman, wani lokaci har a sa bututun numfashi kafin maƙogwaro ya rufe.

Maganar taɓa zuciya tana da ɗan tushe, amma an juya ta. Bayan allurar mutum yakan ji zuciyarsa tana dukan uku-uku, hannunsa yana rawa, fuskarsa ta yi fari, wani ya yi ciwon kai, kuma duk wannan yana wucewa cikin mintuna. Haɗarin gaske yana tattare da tura ta kai tsaye cikin jijiya ba tare da awo ba, shi ya sa ba kowa ke yin hakan ba ko a asibiti. Wadda ake yi a cinya a ƙayyadadden awo tana cikin magunguna masu aminci, kuma a duk shekarun da na yi a gaggawa ban taɓa nadamar yin ta da wuri ba, na dai sha ganin abin da jinkirinta ya jawo. Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman: borin jini a baƙar fata ba ya yin ja kamar yadda ake nunawa a littattafan koyarwa, sai an shafa ko an haska fitila a gefe sannan a ga tudun. Bayan haka, wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya nuna komai a fata sam. Don haka idan kin isa gaggawa kada ki tsaya layin rajista kina jiran a lura da ke, ki nufi ma'aikaciyar jinyar da ke tantance marasa lafiya ki ce mata hasasiyya shadida ce daga ful sudani, wato mai tsanani ce daga gyaɗa, ba ya iya numfashi, ki faɗi lokacin da ya ci da duk abin da aka ba shi a gida.

A kan riƙe ku da aka yi, ina roƙon maigida ya sassauta, domin likitocin sun yi daidai. A wajen mutum ɗaya cikin 20, ciwon yakan lafa sannan ya dawo bayan sa'o'i ba tare da an sake cin komai ba, kuma dawowar tana iya zama da ƙarfi. Ƙa'idar da hukumar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta fitar a 2021, wadda likitoci da yawa ke dubawa, ta ce wanda allura ɗaya ta wadatar kuma ya warware sarai ana iya sallamarsa bayan sa'a 2, wanda ya buƙaci biyu a tsare shi aƙalla sa'a 6, wanda kuwa numfashinsa ya yi tsanani, ko yana da asma mai ƙarfi, ko dare ya yi nisa, a tsare shi aƙalla sa'a 12. Ɗanki ya sha allura biyu, ya suma, kuma cikin dare ne, to da a hannuna yake ni ma ba zan sake shi ba sai gari ya waye. Jinin da aka ɗiba sau biyu kuma na gwajin wani sinadari ne mai suna tiriptes, wanda ke hauhawa a jini sa'a ɗaya zuwa biyu bayan fara ciwon sannan ya sauka. Ana kwatanta awon farko da na baya don tabbatar da cewa anafilaksis ne, ko da yake a hasasiyyar abinci wani lokaci ba ya hawa, saboda haka fitowarsa daidai ba ta soke abin da ido ya gani.

Za ki iya yi masa allurar da hannunki, kuma ya kamata babansa da kakarsa da malaminsa a makaranta su ma su iya. Idan allurar nan mai kama da alƙalami da aka ba ku EpiPen ce, ana damƙe ta a tafin hannu, a zare shuɗin murfin da ke sama, a danna ɓangaren mai ruwan lemo a gefen cinya da ƙarfi har a ji ta yi ƙas, a riƙe na daƙiƙu kaɗan gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta. Tana ratsa wando ko jallabiya, ba sai an tuɓe ba. Ki yi ta da zarar ya ci abin da ake zargi kuma kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: dishewar murya, kumburin harshe, wahalar haɗiya, tari mai naci, numfashi mai ƙara, jiri ko langaɓewa. Daga nan ki kira 997, idan minti biyar ta wuce babu sauƙi ki yi ta biyun a ɗaya cinyar, kuma ko ya miƙe garau asibiti ya zama dole. Ki nemi a tura ku wajen likitan hasasiyya bayan sati huɗu zuwa shida don gwajin fata ko na jini. Gasawa da suya ba sa kashe abin da ke tayar masa, saboda haka ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, kwaɗon zogale da na rama, miyar taushe mai gyaɗa, tunkuza da man gyaɗa matsin gida duk ya bar su. Wajen yaro ɗaya cikin biyar yakan rabu da hasasiyyar gyaɗa idan ya girma, amma likita ne zai gwada hakan a asibiti da adiranalin a gefe, kada wani ya ce zai saba masa da ita a gida da kaɗan-kaɗan.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. 'Yata mai shekara 14 tana da sikila, ana yawan kwantar da mu. Tana kuma da hasasiyyar riɗi mai tsanani. A kwanciyar da muka yi ta ƙarshe na faɗa tun a wajen karɓa, amma da safe aka kawo mata tire da halawa tahiniyya da burodi mai riɗi a kai. Allah Ya sa ina wurin na mayar. Yaya zan yi kada a maimaita, tunda ba kullum nake kwana da ita ba? Daga wata baiwar Allah, Madina.

AMSA: Hajiya, wannan kuskure ne da bai kamata ya faru ba, kuma kina da haƙƙin kai ƙorafi ofishin kula da haƙƙin marasa lafiya na asibitin, ko ki kira 937 ta Ma'aikatar Lafiya, domin gyaran da za a yi zai kare wani yaron da uwarsa ba ta kusa. Maganar da kika faɗa a wajen karɓa sai ta bi hannu da yawa kafin ta isa tire: daga fayil zuwa ma'aikaciyar jinya, daga ita zuwa mai tsara abincin marasa lafiya, daga can zuwa kicin, sannan mai rabo, ga kuma canjin ma'aikata safe da dare. A kowace gaɓa tana iya faɗuwa. Saboda haka a ranar farko ki roƙi a nuna miki inda aka rubuta ta a kwamfuta, ki tabbata an rubuta simsim, wato riɗi da Larabci, da sunansa tare da bayanin cewa ta taɓa yin mai tsanani, a ɗaura mata abin hannu na gargaɗi, wanda a asibitoci da yawa ja ne, a kuma liƙa takarda a saman gadonta. Ki nemi ganin mai tsara abinci da kanki, ki tambayi likita ko ya rubuta adiranalin a takardar magungunanta yadda ma'aikaciyar dare za ta iya yi ba sai ta jira shi ba, sannan alƙalaminta ya zauna kusa da gado da sanin ma'aikata.

Riɗi yana da wuyar kauce wa a abincin ƙasar nan fiye da gyaɗa, domin yana cikin tahina, tahina kuma tana cikin hummus da mutabbal da miyar da ake zuba wa waken ful da kifi da shawarma, yana cikin za'atar, yana kan ta'amiyya da burodin shuraik da ake shimfiɗawa a wajen buɗa baki a masallacin Manzon Allah (SAW), ga kantu namu na gida. Amurka ma sai daga 1 ga Janairu 2023 ta wajabta bayyana shi a jikin kayan abinci a matsayin na tara cikin manyan masu tayar da hasasiyya. A shekara 14 'yarki ta isa ta buɗe kowane tire ta tambaya kafin ta kai hannu, ta kuma danna ƙararrawa da zarar ta ji ƙaiƙayi a baki. Abu ɗaya da nake gani ya fi tiren asibiti haɗari shi ne kwanon 'yan dubiya, domin mara lafiya yana jin nauyin ƙin cin abin da gwaggo ko inna ta dafo ta ɗauko tun daga gida. Ki sanar da dangi tun kafin su zo, ki kuma ba yarinyar izini a gabansu ta ce a'a.

TAMBAYA: Salam Likita. Ni direba ne a Jidda, shekarata 58, ina shan Concor saboda hawan jini. Shekara biyu da suka wuce na ci jambari, wato jatan lande, fuskata ta kumbura na suma, sai a asibiti na farka. Yanzu an ce za a yi mini hoton ciki da allurar rini, wani abokina ya ce mai hasasiyyar jambari ba ya yin ta. Kuma ina ajiye alƙalamin allurata a aljihun mota. Daga wani Alhaji, Jidda.

AMSA: Alhaji, a fara da cire allurar daga mota yau ɗin nan. Adiranalin tana son ma'aunin zafi 20 zuwa 25, motar da aka rufe a ranar Jidda kuwa cikinta yana zarce 50 nesa ba kusa ba, kuma zafi yana rage mata ƙarfi. Ba a sa ta a firiji kuma. Ka riƙe ta a ƙaramar jaka a jikinka, ka riƙa leƙa tagar da ke jikinta: ruwan ya zama garau, idan ya yi launin shayi ko ya yi gudaji a canza. Wadda ta daɗe a motar ka kai kantin magani a sauya ta ko da kwanan watanta bai ƙare ba, amma idan ciwo ya taso babu wata a hannu, yi da ita ya fi zama haka.

Maganar abokinka tsohuwar fahimta ce da aka daɗe da gyarawa. An zaci sinadarin aidin da ke cikin allurar rini ne ke haɗa ta da jatan lande, alhali abin da ke tayar da hasasiyyar jatan lande furotin ne na tsokarsa mai suna tiropomayosin, ba shi da alaƙa da aidin. Ka gaya wa masu hoton tarihinka duka, amma wannan kaɗai ba ya hana a yi maka. Abin da ya fi muhimmanci su sani shi ne Concor ɗin da kake sha, domin yana cikin magungunan da ke toshe wasu daga cikin ƙofofin da adiranalin ke bi ta yi aiki, saboda haka allurar tana iya yin rauni a jikinka. Duk da haka ita ce ta farko, a awonta na kullum, kuma hawan jini ko shekaru ba sa hana yin ta idan rai yana cikin haɗari. Idan an maimaita ba ta kama ba, akwai wata allura mai suna gulukagon da ake bayarwa ta jijiya, wadda ke ƙarfafa zuciya ta wata hanya dabam, kuma likita ba zai yi saurin tuna ta ba sai ya san abin da kake sha. Ka rubuta sunan maganin da na hasasiyyarka da Larabci da Turanci a kati ka sa tare da iƙamarka, ka ambaci jambari da rubyan duka tunda sunan ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Kada ka daina Concor da kanka, tsayar da shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin, sai dai ka tambayi likitan da ya rubuta maka ko akwai wanda ya fi dacewa da kai.

Ka kiyayi ƙaguwa da danginta, da garin busasshen jatan lande da wasu ke zubawa a miya da yaji, da kuma gidajen suyar kifi irin na wajen kasuwar Bangala, inda kifi da jambari ke shiga mai ɗaya. Aikin ƙarfi jim kaɗan bayan cin abinci, da magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen, suna iya tsananta ciwon, saboda haka idan ka je Umara allurarka ta kasance a jakar ɗamararka lokacin ɗawafi da sa'ayi, ka kuma nuna wa abokin tafiyarka inda take da yadda ake yin ta.

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 4 ya ci ful da tamis, washegari idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, har aka ƙara masa jini. An ce hasasiyyar ful ce. Shin shi ma ya kamata mu sayi allurar cinya? Daga wani uba, Ɗa'if.

AMSA: Malam, sunan ne ya yi kama, amma ciwon dabam ne, kuma adiranalin ba ta da aiki a cikinsa. Abin da ka bayyana ya fi kama da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda ake gado ta wajen uwa, ya fi bayyana a maza, kuma yana da yawa a cikin mutanen Afirka da na yankin Larabawa. Idan mai shi ya ci waken ful, ƙwayoyin jininsa suna farfashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi ne rawayar ido da baƙin fitsari da kasalar da kuka gani. Ya bar ful da ta'amiyyar da aka yi da shi, a kawar da ƙwallayen kafur da ake sa wa cikin tufafi, kada a sa masa lalle, kuma a gaya wa duk likitan da zai rubuta masa magani, musamman na zazzaɓin cizon sauro irin firimakwin idan kun je gida. Gwajin da aka yi ana cikin ciwon ko bayan ƙarin jini yana iya fitowa lafiya alhali akwai matsalar, don haka a maimaita shi bayan wata uku, a gwada 'yan'uwansa maza a rana ɗaya. Idan ka sake ganin fitsarin ya canza launi ko yaron ya yi fari yana haki, ku nufi gaggawa a ranar, ka tafi da takardar sallamar da aka ba ku wancan karon.